Auren jinsi a zaɓen Amurka: wa ya goyi baya, wa ya ƙi, wa ya canza baki a tsakiyar tafiya?

Ana gobe zaɓen Amurka na 2024 muna zaune wajen mai shayin bakin layinmu gardama ta kaure, wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya aje kofinsa ya ce min, "Yaro, in Trump ya hau, ranar farko zai soke auren jinsin nan." Na ce Baba ai ba shi da wannan ikon, ya kalle ni kamar na faɗi saɓo. To ga shi Trump ya hau tun Janairun 2025, ya sa hannu a takardun umarni rututu, amma auren yana nan a duk jihohi 50 na ƙasar, ko taɓa shi bai yi ba.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, hukuncin Musulunci a kan wannan abu a fili yake kuma a kansa nake, mafi yawan coci-cocin Najeriya ma matsayinsu kenan. Abin da yake damuna shi ne yadda muke ɗaukar ɓangare a siyasar wata ƙasa har mu ɓata da juna, alhali ba mu san me kowane ɗan takara ya faɗa ba, yaushe ya faɗa, kuma me ya yi da ya samu kujerar. Mun haddace cewa Dimokurat su ne masu so, Rifablikan su ne masu ƙi, shi kenan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma in ka bi maganar zaɓe bayan zaɓe za ka ga ba haka ta miƙe ba.

Da farko dai a Amurka ba shugaban ƙasa ne ke da dokar aure ba, jihohi ne. Kowace jiha ita ke ba da lasin aure ta kuma faɗi wa zai auri wa. Abin da gwamnatin tarayya ke yi shi ne ta amince da auren ko ta ƙi amincewa wajen haraji, fansho, bizar miji ko mata, haƙƙin iyalan soja da sauransu, kuma a 2004 ofishin binciken kuɗi na majalisarsu ya ƙirga wurare 1,138 a dokokin tarayya da zaman mutum mai aure ke da tasiri a cikinsu. To in ka ji suna ta cewa daidaito, daidaito, wannan suke nufi, ba wai a tilasta wa limami ko fasto ya ɗaura ba. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na wata tsohuwa a New York mai suna Edith Windsor. Ta shafe sama da shekara 40 tare da wata mata, suka je Kanada aka ɗaura musu aure a 2007, matar ta mutu a 2009 ta bar mata dukiya, sai hukumar haraji ta ce ta biya dala 363,053 harajin gado, kuɗin da in da namiji ne mijinta ko sisi ba za ta biya ba. Ta biya, sannan ta garzaya kotu. Ku riƙe sunanta za mu dawo kansa.

Dokar da ta sa aka caje ta ana kiranta DOMA, wato dokar kare aure, wadda ta ce a idon tarayya aure na namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Wa ya sa mata hannu? Bill Clinton, ɗan Dimokurat, a Satumban 1996. A majalisar dattawa sanatoci 85 suka amince, 14 kacal suka ƙi, kuma cikin waɗanda suka amince har da Joe Biden. A shekarar kamfanin jin ra'ayi na Gallup ya samu kashi 27 cikin ɗari ne kawai na Amurkawa ke goyon bayan auren jinsi. Wannan lambar ita ce mabuɗin komai, don duk inda ta yi sai ka ga bakin 'yan takara ya bi ta.

A 2004 ne abin ya shiga kamfen gadan-gadan, bayan babbar kotun jihar Massachusetts ta halatta shi aka fara ɗaurawa a watan Mayu. Shugaba George Bush ƙarami, ɗan Rifablikan, ya fito ya ce a gyara kundin tsarin mulkin ƙasa gaba ɗaya a rubuta cewa aure na namiji da mace ne. Abokin karawarsa John Kerry shi ma ya ce bai yarda da auren jinsi ba, sai dai ya yarda da wani tsari na rajistar zaman tare wanda zai ba su haƙƙoƙin ma'aurata ba tare da an kira shi aure ba, kuma ya ƙi yarda a taɓa kundin tsarin mulki. Kun ga dukansu biyu sun ce a'a, bambancin yana wajen tsananin a'ar ne. Ranar zaɓen jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramta auren, har da Ohio wadda ita ta raba gardama tsakanin Bush da Kerry.

Na 2008 ya fi ba mutane mamaki in aka tuna musu. A watan Agusta a cocin Saddleback da ke Kalifoniya, fasto Rick Warren ya tambayi Obama ya fassara aure, Obama ya ce haɗuwa ce ta namiji da mace, kuma shi a matsayinsa na Kirista abu ne mai tsarki a wajensa. John McCain, ɗan takarar Rifablikan, shi ma haka ya faɗa. A zaɓen fidda gwani na Dimokurat Hillary Clinton ba ta goyi baya ba, Biden bai goya ba, mutum biyu ne kawai da ba su kai ko'ina ba, Dennis Kucinich da Mike Gravel, suka ce sun yarda. Amma duk da haka akwai bambanci in ka duba ƙasa-ƙasa. Obama ya ce zai soke DOMA, ya kuma soki ƙuri'ar raba gardamar da ake shirin yi a Kalifoniya don haramta auren. McCain ya goyi bayan waccan ƙuri'ar, sai dai kuma shi ne ya ƙi bin Bush a majalisa kan gyaran kundin tsarin mulki, hujjarsa ita ce wannan hurumin jihohi ne. Ranar da Kalifoniya ta ba Obama ƙuri'unta, a ranar kuma kashi 52 na masu zaɓenta suka haramta auren jinsi.

Zaɓen da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na 2012, Obama da Mitt Romney na Rifablikan, don shi ne karon farko da manyan 'yan takara biyu suka tsaya ɗaya gabas ɗaya yamma a kan maganar, kuma kowannensu yana da tarihin da ya saɓa wa abin da yake faɗa.

Shi Obama tun 1996 lokacin yana neman kujerar majalisar jihar Illinois ya cike wa wata ƙaramar jarida a Chicago takarda ya ce yana goyon bayan halatta auren jinsi. Da ya zo neman manyan kujeru sai ya ja da baya, da ya hau mulki kuma sai ya riƙa cewa ra'ayinsa yana kan sauyawa. A aikace kuwa tafiya yake yi, a Disamban 2010 ya sa hannu aka soke dokar da ke korar soja in ya bayyana cewa shi mai neman jinsinsa ne, a Fabrairun 2011 ma'aikatar shari'arsa ta ce ta daina kare DOMA a kotu. Sai ranar 6 ga Mayun 2012 mataimakinsa Biden ya shiga wani shirin talabijin na NBC ya ce shi ko kaɗan ba shi da damuwa namiji ya auri namiji, fadar shugaban ƙasa ta rikice don ba haka aka tsara ba, ranar 8 ga wata jihar North Carolina ta haramta auren da kashi 61, washegari 9 ga wata Obama ya zauna da 'yar jaridar ABC Robin Roberts ya ce shi dai a ra'ayinsa ya kamata a bar su su yi aure. Shi ne shugaba mai ci na farko da ya faɗi haka. Ko a nan ma sai da ya bar ƙofa, ya ce jihohi ne za su yanke. Daga baya a 2015 babban mai ba shi shawara David Axelrod ya fito ya ce tun can Obama yana goyon baya, su ne suka ba shi shawara ya ɓoye saboda tsoron cocin baƙaƙen fata. Ni wannan ya fi komai tsaya min a rai, mutum ya shiga wurin ibada ya ambaci Ubangiji a kan maganar da na kusa da shi suka ce ba ita ce a zuciyarsa ba, kuma mutane suka ba shi ƙuri'a a kan haka.

Romney kuma tafiyarsa ta bi ta ɗaya ɓangaren ne. A 1994 yana neman kujerar sanata da Ted Kennedy ya rubuta wa ƙungiyar masu neman jinsi ta cikin jam'iyyarsa wasiƙa ya ce zai fi Kennedy kare musu haƙƙi. Sai ƙaddara ta sa shi ne gwamnan Massachusetts lokacin da kotu ta halatta auren, ya yi iya yinsa ya hana bai samu nasara ba, har ya tono wata tsohuwar doka ta 1913 don ya hana mutanen wasu jihohi zuwa a ɗaura musu a can. A 2011 ya sa hannu a alkawarin cewa in ya ci zai nemi a gyara kundin tsarin mulki ya kuma kare DOMA, a 2012 ya ce ba aure kaɗai ba, ko rajistar zaman tare in dai daidai take da aure sai suna, bai yarda ba. To an yi zaɓe Obama ya ci, a ranar kuma jihohin Maine da Maryland da Washington suka halatta auren ta hanyar ƙuri'ar jama'a, abin da bai taɓa faruwa ba. Lambar Gallup a lokacin ta kai wajen kashi 50.

Amma duk wannan hayaniyar, ba Obama ne ya halatta auren jinsi a Amurka ba, kotun ƙoli ce. Ranar 26 ga Yunin 2013 alƙalai biyar cikin tara suka ba Edith Windsor gaskiya suka rushe ƙashin bayan DOMA. Bayan shekara biyu cif, 26 ga Yunin 2015, aka yanke shari'ar Jim Obergefell, wani mutumin Ohio da abokin zamansa ke kwance yana jinyar ajali, suka ɗauki jirgin marasa lafiya zuwa Maryland aka ɗaura musu aure a cikin jirgin a filin sauka don Ohio ba ta yarda ba, da mutumin ya mutu rigimar ta zama ko za a rubuta a takardar mutuwarsa cewa yana da aure. Nan ma biyar da huɗu, kotu ta ce dole kowace jiha ta ba da lasin. Alƙalin da ya rubuta hukuncin duka biyun Anthony Kennedy ne, kuma Ronald Reagan ɗan Rifablikan ne ya naɗa shi. To a nan ne ikon shugaban ƙasa na gaskiya yake, wajen naɗa alƙalai, su kuma alƙalan in sun hau ba lallai su yi abin da wanda ya naɗa su yake so ba.

Daga nan sai maganar ta canza kama. A 2016 Hillary Clinton, wadda sai a Maris na 2013 ta bayyana goyon baya, ta tsaya a kan kare hukuncin. Trump kuma a Janairun 2016 ya ce zai duba yiwuwar naɗa alƙalan da za su juya shi, kundin manufofin jam'iyyarsa ma ya yi tir da hukuncin, ya kuma ɗauko Mike Pence mai tsananin ra'ayin addini ya yi masa mataimaki, amma kwana biyar da cin zaɓe ya shiga talabijin ya ce magana ta ƙare a kotu kuma shi ba shi da matsala da hakan. A mulkinsa na farko ya hana masu sauya jinsi shiga soja, lauyoyin gwamnatinsa suka je kotun ƙoli suka ce dokar hana wariya a wurin aiki ba ta shafi masu neman jinsi ba, a 2020 kotu ta ce ta shafe su, shida da uku, wanda ya rubuta hukuncin kuma Neil Gorsuch ne, alƙalin da Trump ɗin da kansa ya naɗa.

Na 2020 ba sai mun daɗe ba, Biden yana goyon baya, Trump bai maida auren abin kamfen ba. Abin da ya fi muhimmanci ya faru ne a 2022. Da kotun ƙoli ta soke 'yancin zubar da ciki a watan Yuni, alƙali Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba hukuncin Obergefell shi ma, hankalin masu goyon baya ya tashi, majalisa ta yi sabuwar doka wadda ta soke DOMA ɗungurungum. Dokar ba ta tilasta wa jiha ta ba da lasin ba, cewa ta yi dole tarayya da kowace jiha su amince da auren da aka ɗaura bisa doka a wata jihar, sannan ta ce ba za a tilasta wa wuraren ibada ɗaurawa ba. Biden da ya zaɓi DOMA a 1996 shi ya sa hannu a soke ta ranar 13 ga Disamban 2022. Sanatocin Rifablikan 12 suka mara baya, kuma cikinsu akwai Mitt Romney, mutumin da shekara goma kafin nan ya tsaya takara a kan hana auren. Ya ce shi har yanzu auren gargajiya ya yarda da shi amma mutane sun riga sun gina rayuwarsu a kan hukuncin kotu. Lambar Gallup a shekarar kashi 71 ce, a cikin 'yan Rifablikan kansu kashi 55.

A 2024 Kamala Harris ita ce ba za a ce ta canza baki ba, tun Fabrairun 2004 tana babbar mai gabatar da ƙara a San Francisco ta ɗaura irin wannan aure da hannunta, da ta zama antoni janar ta Kalifoniya kuma ta ƙi kare haramcin jihar a kotu. Ɓangaren Trump kuwa kundin manufofin jam'iyya na shekarar an cire zancen aure na namiji da mace ne kawai, aka bar magana a kan tsarkin aure a dunƙule. Faɗan ya koma kan masu sauya jinsi, wasannin mata, banɗaki, abin da ake koya wa yara a makaranta, kuma a nan kam bambancin jam'iyyun biyu a fili yake ba ɓoyo, ranar da aka rantsar da Trump ya sa hannu cewa tarayya jinsi biyu ta sani, namiji da mace. Amma ministan kuɗin da ya naɗa, Scott Bessent, namiji yake aure. Wannan shi ne abin da na kasa fahimtar da Baba a wajen mai shayi, shi ya haɗa maganar auren da ta sauya jinsi wuri ɗaya, su kuwa a can sun raba su.

Akwai kuma ɓangaren da masu addini suka fi damuwa da shi, wato in aka halatta auren, shi wanda imaninsa ya hana shi sa hannu a ciki fa? Wata magatakarda a Kentucky, Kim Davis, ta kwana biyar a tsare a 2015 don ta ƙi ba da lasin. Wani mai yin kek a Colorado da ya ƙi yin na bikin auren jinsi sai da ya kai kotun ƙoli kafin ya samu sa'ida a 2018. A wannan fagen 'yan takarar Rifablikan sun fi tsaya wa mai addini, na Dimokurat sun fi tsayawa a kan cewa wanda ya buɗe shago ko yake aikin gwamnati ba shi da damar zaɓar wanda zai yi wa aiki. Musulmin Amurka ma abin ya taɓa su, a 2023 majalisar garin Hamtramck a Michigan wadda duk mambobinta Musulmi ne ta hana kafa tutar masu neman jinsi a filayen hukuma, magajin garin Amer Ghalib kuma ya mara wa Trump baya a 2024. A Maryland iyaye Musulmi da Kirista suka haɗu suka kai hukumar makarantu ƙara kan littattafan da ake karanta wa 'ya'yansu a firamare, a Yunin 2025 kotun ƙoli ta ce suna da damar cire yaransu daga darasin.

Inda abin ya iso ƙofar gidanmu shi ne siyasar waje, kuma nan ne shugaban Amurka yake da hannu sake. A Disamban 2011, kwanaki kaɗan bayan majalisar dattawan Najeriya ta amince da ƙudurin haramta auren jinsi, Obama ya umarci hukumominsa su riƙa duba wannan batu wajen hulɗa da ba da tallafi. A Yunin 2013 ya tayar da maganar a Dakar, Macky Sall ya ce masa Senegal ba ta shirya ba. Da Jonathan ya sa hannu a dokarmu a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14 ga masu auren, 10 ga wanda ya taimaka ko ya halarta, wanda ya fito ya yi suka a kanta shi ne sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry, wanda a 2004 ya ce shi bai yarda da auren ba. Ku lura abin da suke matsa wa ƙasashe a kai ba wai su halatta aure ba ne, cewa suke a daina ɗaure mutane a kan abin, kuma ba Dimokurat kaɗai suka yi ba, a 2019 gwamnatin Trump ta ƙaddamar da irin wannan yunƙuri ƙarƙashin jakadanta a Jamus Richard Grenell, Trump ma ya ambaci hakan a jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar. Bambancin shi ne na Trump bai wuce magana ba sosai, na Biden kuwa ya zo da hukunci, bayan Yuganda ta yi dokarta mai tsanani a 2023 ya cire ta daga tsarin kasuwancin AGOA, wanda ke ba ƙasashen Afirka damar shigar da kaya Amurka ba haraji, daga Janairun 2024, a sanarwa ɗaya da ya cire Nijar, ita kuma saboda juyin mulki.

A Nuwamban 2025 Kim Davis ɗin nan ta nemi kotun ƙoli ta sake duba hukuncin Obergefell, kotun da yanzu alƙalai shida cikin tara shugabannin Rifablikan ne suka naɗa su, uku daga ciki ma Trump ne da kansa. Suka ƙi sauraron ƙarar, ko dalili ba su bayar ba.